Gargaɗi ga masu haɗe-haɗen lantarki a Bauchi: batiran bogi da manhajar kwashe kuɗi

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwa ne masu haɗa kayan lantarki a gida, musamman ɗaliban Yelwa da Gwallameji da ke neman kayan furojet, da yaran da ke koyon gyaran waya a wajen Wunti. Akwai wani mutum da ke tallan kaya a Facebook da WhatsApp, yana cewa shagonsa na Legas amma yana aiko da kaya Bauchi da Gombe ta mota. Ya cuce ni, ya kuma cuci ƙanena, kuma na san ba mu kaɗai ya taɓa ba. Yana sauya suna da lamba, don haka salonsa zan faɗa muku, shi ne abin da ba ya sauyawa.

Da fari kaya masu kyau yake aikowa. Na sayi ESP32 guda biyu a hannunsa, wato ƙaramin allon lantarki da ake ba wa umarni ya sarrafa na'ura, don in haɗa abin da zai kashe famfon tankinmu da kansa idan ruwa ya cika. Sun iso a tasha cikin kwana uku, suna aiki har yau. Daga nan ya fara kirana Injiniya, yana gaishe ni duk Juma'a. Bayan wata guda ya turo hoton batir 18650, irin dogayen nan da ke cikin batirin laftof da tocila, an rubuta 9900mAh a jikinsu (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), ya ce kwantena ce ta sauka, zai ba ni ashirin a farashin da bai kai na goma ba. Ya haɗa da memori 128GB guda biyu. Ina son in yi wa Hajiyarmu fanka mai caji kafin zafin Afrilu, sai na tura masa Naira 38,000.

A nan nake so ku tsaya ku fahimta, domin wannan lamba ta 9900mAh kaɗai ta isa ta tona asirinsa. Sunan 18650 girman batirin ne: kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. A cikin wannan ɗan gwangwani, manyan kamfanonin da suka ƙware a sana'ar, irin su Panasonic da Samsung da LG, abin da suke iya cusawa bai wuce wajen 3,500mAh ba. Duk wanda ya nuna maka 18650 mai 6,000 ko 9,900, ƙarya ce aka buga a jikin leda. Na san wannan, amma amanar da ya gina da kayan farko ta sa na ce ko da rabi ne a ciki, na ci riba. Araha ba ta ado.

Da kayan suka iso, tun a hannu na ji ba su da nauyi. Na kai su wurin wani abokina mai sikelin awon zinari. Batir na ƙwarai yakan kai giram 45 zuwa 48; waɗannan giram 26 suka nuna, wasu 28. Mitar gwaji ta nuna bolt 4.1, kuma da wannan ake yaudarar mutane, domin bolt ba ya faɗa maka yawan wutar da batir ke riƙewa. Na cika ɗaya da caji, na jona masa fitilar da ke jan 500mA. In da rubutun gaskiya ne, ya kamata ta yi kusan awa ashirin tana ci. Awa ɗaya da 'yan mintuna ta yi ta dushe. Wani kuma da na ɗora a caja ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ledarsa ta fara tattarewa tana wari. Na cire shi da filaya na fitar da shi tsakar gida. Har yanzu idan na tuna cewa a ɗakin tsohuwa, kusa da katifa, na yi niyyar ajiye wannan fanka, sai gabana ya faɗi. Batirin litiyam idan ya kama wuta ba ya jiran kowa.

Memorin ma haka. Waya tana nuna 128GB, amma na gwada da H2testw, manhajar kyauta da ke cika memori da bayanai sannan ta sake karanta su, sai ga shi abin da ke ciki bai kai 8GB ba. An sauya bayanin da ke cikinsa ne don ya riƙa yi wa waya ƙarya. Za ka ga sunayen hotunanka da takardunka, ranar da ka buɗe sai ka tarar sun lalace.

Da na kira shi, bai musa ba. Ya ba ni haƙuri, ya ce yaron shago ne ya yi kuskure, zai maido da kuɗina. Sai ya turo wani fayil a WhatsApp mai ƙarewa da .apk, wai manhajar kamfaninsu ce, in saka ta in cike fom ɗin maido da kuɗi. Wayata tana caji a lokacin, sai ƙanena ya ce, "Yaya, turo min in cike maka." Wayar ta yi masa kashedi cewa manhajar ba daga Play Store take ba, ya danna ya wuce. Ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, ya ba ta. Fom ɗin ya nemi lambar kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun bayansa, ya saka nasa. Da izinin karanta tes ɗin nan, lambar OTP, wato lambar tabbatar da cire kuɗi da banki ya aiko ta tes, ta wuce kai tsaye zuwa hannunsu. Kafin la'asar kuɗin makarantarsa da ke asusun sun fita. Yaron nan ya zauna a bakin ƙofa riƙe da waya, ya kasa ko magana.

Mai son maido maka da kuɗi lambar asusunka kawai yake bukata, lambobi goma. Ba ya bukatar katinka, ko BVN, ko OTP, ko ka saka wata manhaja. Wanda ya riga ya saka irin wannan fayil, ya kashe data nan take, ya kira bankinsa da wata wayar a rufe katin, ya cire manhajar, in da hali ya wanke wayar gaba ɗaya, wato ya goge duk abin da ke cikinta, sannan ya sauya lambobin sirrinsa. Ku adana hoton hirarku da shaidar tura kuɗi. Mu mun kai wa banki ƙorafi a rubuce, mun kai rahoto wurin 'yan sanda, kuma muna haɗa takardun da za mu kai ofishin EFCC na Gombe.

Idan kun riga kun sayi irin batiran nan, don Allah kada ku haɗa su a fanka ko fitilar ɗakin yara, kuma kada ku jefa su a bolar da ake cinna wa wuta. Nawa suna cikin bokitin yashi a bayan gida, na liƙe kan kowanne da salatif. Wanda wannan mutum ya taɓa, a Bauchi ko Gombe, ya yi min magana mu haɗa shaidunmu wuri guda kafin ranar Litinin.