Wane gam za ki saya don adon ɗaki? Abin da zafin Kaduna ya koya mini

Duk wadda ta shigo falona ta ga faya-fayan da na jera a bango da kwalaben da na naɗe da igiyar rama, kafin ta zauna sai ta kai hannu ta ɗan ɓanɓari gefe, ta ga ko zai ɗago. In ya ƙi, sai tambaya ta biyo: "Anti, don Allah wane gam kike sawa?" Na amsa wannan tambaya har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk mai so ta karanta kafin ta kai kuɗinta kasuwa.

Zan fara da wanda ya kunyata ni, wato bindigar gam, wadda ake zura mata sandar nan mai kama da kyandir. Kusan duk mai fara aikin hannu da ita take farawa, saboda ita ake gani a bidiyon TikTok da Instagram. A ɗiga, a manna, kafin ki ƙirga goma ya kama. Ni ma haka na ruɗu. Lokacin bikin ƙanwata na ce ni zan yi mata adon bango, na samo madubi mai zagaye, na yanka kwali mai kauri, na kakkarya cokulan roba na fesa musu ruwan gwal, na jera su zagaye da madubin kamar furen rana. Komai da bindiga na manna, har shi kansa madubin. Aka yi jere a Rigasa cikin watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, 'yan jere kowa na tambayar a ina aka sayo. Ni kuwa sai hura hanci nake yi.

Ɗakin rufin kwano ne, bangon da muka rataya shi kuma yamma yake kallo, duk ranar la'asar a bayansa take ƙarewa. Da Afrilu ta shigo sai amarya ta fara tsintar cokali ɗaya, biyu, a ƙasa in ta zo shara. Ba ta gaya mini ba, tana jin nauyina. Ranar da dangin miji suka zo mata wuni, ana cikin cin abinci, madubin ya sulluɓo daga jikin kwalin ya sauka a kan jeren tangaran. Faranti biyu suka tafi. Uwar mijin ba ta ce komai ba sai "Allah ya tsare gaba", amma ni da aka ba ni labari na gwammace a ce zagina ta yi.

Daga baya na gane dalili. Sandar gam ɗin roba ce da zafi ke narkarwa, ƙananan bindigogi a wajen digiri 120, manya har kusan 190. Ba ta shiga jikin abu, kwanciya kawai take yi a kai ta daskare. Kuma ba sai ta sake narkewa ba kafin ta saki. Ta ɗan yi laushi kawai, nauyi ya yi ta jan ta a hankali yau da gobe, shi ke nan. A Kaduna kuwa Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 35 a inuwa, balle bangon da rana ta wuni tana gasawa. Ga ƙunar yatsa, ga zaren nan kamar yanar gizo-gizo da take bari, ga shi in babu wuta babu aiki. In dai dole sai kin saya, ki duba kaurin sanda, akwai mai milimita 7 akwai mai 11, kuma ba sa shiga bindigar juna. Furen kyalle da ribon da sauran abin da bai kai nauyin goro ba, nan ne wurinta.

Wanda na riƙe yanzu, kuma ban ga abin da zai raba ni da shi ba, shi ne farin gam na kafintoci. Kowa Top Bond yake ce masa ko da wani kamfanin ne ya yi, kamar yadda ake ce wa kowane garin sabulu Omo. Fari ne kamar kindirmo, ba shi da wari mai hawa kai, in ya taɓa hannu ruwa ya wanke, yara ma za su iya taya ki aiki da shi. Abin da ya bambanta shi da sauran, ruwa ne a cikinsa ɗauke da ƙwayoyin gam. In kin shafa a katako ko kwali ko kyalle ko kaba, sai ya tsuma cikin ƙofofin abin, ruwan ya bushe, gam ɗin ya zauna a ciki ya ɗinke ɓangarorin biyu. Kayan aikinmu kuwa kusan duka masu shan ruwa ne: faifan kaba, ƙwarya, igiyar rama, tabarma, guntayen atamfa da nake roƙa wurin telolin Kasuwar Barci, kwalin taliya, tsinken tsire. Duk waɗannan farin gam ya fi kowa iya su. Idan ya bushe kuma sai ya koma garau kamar ruwa, ko ya ɗan tsartu a gefe ba a gani.

Yadda nake naɗe kwalba da shi ke nan. Kwalba ba ta shan gam, don haka sai in fara liƙa mata takardar jarida zagaye, in bar ta ta sha iska. Sannan in shafa gam da ɗan buroshi, faɗin yatsa uku kawai a lokaci guda, in fara naɗa igiyar daga gindi ina dannawa da babban yatsa, layi na bin layi. In na kai wuya sai in tsoma bakin igiyar cikin gam, in cusa shi ƙarƙashin layin ƙarshe, in ɗaure da robar kuɗi. Da safe in cire robar. Akwai kwalbar da na yi haka tun kafin in yaye autana, yanzu yana firamare, ko zare ɗaya bai tashi ba, kuma a kan taga take.

Wani amfaninsa da mutane ba su sani ba, in kin sirka shi da ruwa, kashi biyu gam kashi ɗaya ruwa, ya zama abin shafe. Ki shimfiɗa atamfa a kan faranti na katako ko murfin kwali, ki bi ta sama da wannan ruwan sau biyu, in ya bushe kyallen ya yi tauri ya ɗan yi sheƙi, ƙurar hunturu ma da tsumma za ki goge. Haka nake taurara bakin faifai kafin in rataya, don kada kabar ta fara tsattsagewa.

Aibinsa ɗaya da kowa ke kuka da shi, rashin sauri. Yana so a danne shi minti 30 zuwa awa guda, ƙarfinsa na gaske kuma sai ya kwana ya wuni. Da hunturu yakan bushe da wuri har ya riga ki, da damina kuwa, musamman cikin Agusta, sai ki ba shi kwana biyu. Ni dabarar da nake yi, in shafa farin gam ko'ina, in bar ɗan wuri biyu ko uku in ɗiga na bindiga. Na bindigar ya riƙe mini na ɗan lokaci, farin ya bushe a nitse ya karɓi aikin. Ka ga bindigar ta koma 'yar aike, matsayin da ya dace da ita ke nan. Sai dai kada ki kai farin gam banɗaki ko baranda inda feshin ruwa ke taɓawa, zai yi fari ya saki. Kuma gilashi da ƙarfe da roba mai santsi ba abokansa ba ne.

Madubi dai yanzu silikon nake sa masa, irin na masu haɗa tagar gilashi, a kan falankin katako ba kwali ba. Nan ma akwai tarko: ki buɗe ki shinshina. Wanda ke warin tsami mai yaji a hanci yana cin azurfar bayan madubi, bayan 'yan watanni ki ga baƙin tabo ya fito ta gaba. Ki ce wa mai shago wanda ba ya cin madubi kike so. Kuma duk abin da ya yi nauyi, ƙusa da maratayi ne za su ɗauke shi a bango, ba gam ba.

Sauran ba sai na ɓata miki lokaci ba. Sufa gulu na gyaran kofin da ya fashe ne, a kyalle ƙandarewa yake yi, a auduga har zafi yake ɗauka, a gilashi ya bar farin hazo. Evo-Stik na fata da takalmi ne, a shafa gefe biyu a jira ya sha iska sannan a haɗa, amma warinsa a ɗaki rufe ciwon kai ne, yana kama wuta, yana kuma cinye farin soson nan na cikin kwalin firji. UHU yana da tsabta, sai dai kuɗin bututu ɗaya ya saya miki farin gam da zai yi wata. Ƙaro da kullun sitaci kuwa, na girmama su, da su iyayenmu suka yi aiki, har gobe da ƙaro ake haɗa tawadar allo, amma a bangon ɗaki kin dafa wa kyankyasai da tururuwa abinci ne.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, domin duk yabon da na yi wa farin gam, na gaskiyar nake nufi, kuma jabunsa ya yi yawa. Tunda fari ne mai kauri, ba abin da ya fi shi sauƙin algus. Na taɓa sayen na awo wurin wani mai tebur, ya ɗebo daga bokiti ya zuba mini a robar ruwa, ya ce, "Hajiya, duk abu ɗaya ne, kuɗin roba kawai na rage miki." Na yi firam shida da shi na wata mai sayen sari. Kwana huɗu ta dawo mini da su a leda, kusurwoyin duk sun buɗe baki. Da na duba ragowar, ruwa ya taso sama, wani farin abu kamar ƙullun koko ya kwanta a ƙasa, ga tsami yana tashi. An sirka shi da ruwa, aka ƙara masa wani gari don kaurin ya dawo. Na biya kuɗin katako, na biya na kunya.

Tun daga ranar ba na sayen na awo, ko da rabin kuɗi ne. Ina zuwa shagunan da kafintoci da kansu suke saye, irin na wajen Panteka ko layin masu fenti, domin mai shagon da kafinta ke zuwa kullum ba zai yarda ya ajiye abin da za a dawo masa da shi da rigima ba. Ko a can ma sai na duba murfi. In an taɓa buɗe shi za ki ga busasshen gam a bakin robar, ko zoben murfin ya tsinke. Akwai masu tara tsofaffin robobi masu suna, su cika su da nasu haɗin, don haka tambarin da ya koɗe ko takardar da aka liƙa a karkace ya isa ya sa ki ajiye. Ki ɗaga robar ki jijjiga: na kirki motsi yake yi a hankali kamar zuma, in kin ji yana ƙara kamar kunu, ruwa ne. Ki duba kwanan watan da aka buga. Wanda aka jera a waje rana na dukansa shi ma ki bar musu, gudaji za ki tarar a ciki.

In kin kawo gida, kada ki fara da aikin mutane. Ki shafa kaɗan a kan leda ki bar shi ya kwana. Na gaskiya zai koma garau, ki ɓare shi ya taso gaba ɗaya kamar fatar albasa, har ya ɗan miƙe in kin ja. Na algus zai zauna fari kamar alli, ya marmashe a yatsa. Gwaji na biyu wani dattijon kafinta ne ya koya mini: guntayen katako biyu, a shafa, a ɗaure, a bari sai gobe war haka, sannan a raba su da ƙarfi. In gam ɗin na kirki ne, naman katakon ne zai yage ya biyo. In suka rabu sumul kowa da fuskarsa, ki mayar masa da kayansa.

Su ma sauran ba su tsira ba. Akwai sandar bindiga da ke karyewa ƙaras in kin lanƙwasa, alhali ta kirki lanƙwasuwa take yi ta dawo. Akwai bututun sufa gulu da za ki huda ki matsa ki ji iska ce kawai da ɗigo biyu, shi ya sa nake matsa gindinsa a hankali tun yana cikin kwalinsa. Silikon kuma in ya kwana biyu a shago yakan daskare daga ciki, sai ki danna jikin bututun, in ya yi tauri kamar rogo ki ce a canza miki tun kina tsaye, don in kin fita ƙofa cewa za a yi ke kika bar shi a buɗe.

Game da girma, in gwaji za ki fara ki ɗauki ƙaramar robar farin gam. Mai yin na sayarwa ta ɗauki kilo guda ko bokiti, ta riƙa ɗiba a wani ƙaramin mazubi, ta shimfiɗa leda a bakin babbar kafin ta rufe, ta ajiye ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Madubin ƙanwata dai na sake mata shi, da katako da silikon da ƙusa biyu, cokulan kuma na maye su da tsinken tsire da farin gam. Tangaran ɗin ma na biya, duk da ta rantse ba za ta karɓa ba.