Gargaɗi: mai cewa zai ɗaga muku gida da jak

Jama'ar Zazzau, akwai wani mutum da ke bin unguwannin da ke gefen rafin Kubanni yana duba gidajen da bangonsu ya tsage. Yana zuwa da hular kwano irin ta injiniyoyi, ya ce zai ɗaga gida ɗungurungum da jak, ya zuba sabon fandisho, ya mayar da shi ya zauna daram. Gidan gwaggona da ke Tudun Wada ya shiga, kuma da idona na ga ɓarnar da ya bari.

Da bidiyo yake cin mutane. Ya buɗe waya ya nuna wa Gwaggo gida yana tashi sama, ya ce mata, "Hajiya, wannan aikina ne, kwana goma kacal." Bidiyon gaskiya ne, amma ba aikinsa ba ne. Ana ɗaga gida a Amurka, sai dai yawancin gidajen na katako ne, marasa nauyi. Ana zura manyan ƙarafa ta ƙarƙashi, jak-jak masu yawa su tashi tare kaɗan-kaɗan, ana tokarewa da katako a kowane mataki. Gidan Gwaggo kuwa bulo ne, ko linta bai zagaye shi ba, ɗakin baya ma na tubali ne. Irin wannan ginin da an tura gefe ɗaya ya fi ɗaya, ba tashi zai yi ba, darewa zai yi.

Ta ba shi naira dubu 700 kafin alƙalami, kuɗin da ta shekara biyu tana tarawa a adashi. Ya kawo leburori uku suka haƙe gindin bango daga wannan kusurwa har waccan, ya cusa jak biyu irin na tirela, ya ce zai je Kano ɗauko ƙarafa. Tun ranar wayarsa a kashe take. Leburorin ma bai biya su ba, su suka dawo suna neman haƙƙinsu a wurin tsohuwa. Da ruwan Agusta ya sauka ramin ya cika, ƙasa ta jiƙe, bangon ɗakin baya ya zube da asuba. Allah ya kiyaye, jikokinta a falo suka kwana.

Injiniyan da muka kira daga baya ya ce asalin matsalar lambatu ne da ya toshe, ruwa ke kwanciya a gindin bango. Gyaran shi ne a fara kau da ruwan, sannan a ƙarfafa fandisho guntu-guntu: a haƙa kamar mita 1, a zuba kankare, a bari ya yi ƙarfi, a tsallake zuwa wani wuri. Ba a buɗe gindin bango gaba ɗaya, balle da damina.

Don Allah duk wanda ya zo muku da wannan magana, ku nemi lambar rajistarsa ta COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ku ce ya kai ku gidan da ya taɓa ɗagawa a nan Zariya ku ji daga bakin mai gidan. Kada ku yarda da hoto. Wanda kuma mutumin nan ya riga ya karɓi kuɗi a hannunsa, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya sanar da mai unguwa. Mu mun kai tamu, Gwaggo kuma tana gidan ɗanta a Samaru har a ɗauke ruwa.