Tartsatsi, hayaƙi ko harshen wuta: wanne ya dace da dandalinka a Bauchi?

Masu zaurukan biki da wuraren shaƙatawa a Bauchi sun san yadda kasuwar ta koma. Mai haya ba ya tsayawa kan kujeru da janareta, sai ya tambayi ko akwai injin tartsatsin da za a kunna wa amarya da ango, ko hayaƙin nan mai kwanciya a ƙasa. Da Sallah kuma, lokacin da yara ke cika wuraren wasa, kowane mai dandamali yana so nasa wasan ya fi na maƙwabci armashi. Kafin ka tura kuɗi Kano ko Legas, ka amsa wa kanka tambaya biyu: me ke saman inda za a girke injin, kuma wa zai riƙe makunninsa? Su ne za su raba maka gardama, ba farashi ba.

Mu fara sallamar mai albarushi, wato duk abin da ake kunna wa ashana ya yi feshi ko ya tashi sama. Shi ya fi araha, kuma shi ya fi cin rai. A watan Satumbar 2023, irinsa ne ya kama kwalliyar silin a wani zauren biki a Hamdaniya ta ƙasar Iraƙi, mutum fiye da 100 suka rasu. A Santa Maria ta Brazil, a 2013, an kunna na fili a cikin gini, soson da aka manna a rufi ya kama, mutum 242 suka mutu, akasarinsu hayaƙi ne ya shaƙe su. Ga kuma 'yan sanda da kan sanar da haramcinsa a ƙarshen shekara. A cikin gini dai babu shi a lissafi.

Injin tartsatsi, wanda dillalai ke kira mai sanyi, shi ne aka fi rububi, don haka bari mu daɗe a kansa. Ba ya amfani da albarushi. Garin ƙarfe ake zuba masa, galibi na titaniyam, sai wani murhun lantarki da ke cikinsa ya gasa garin har ɗaruruwan digiri, fanka ta watsa shi sama tsakanin mita 1 zuwa 5. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, suna hucewa nan da nan, shi ya sa mai talla ke cusa hannunsa a ciki ya fito lafiya. Amma hannun nan wucewa ya yi. Labulen da ke rataye a sama ba ya wucewa, tsaye yake yana shan feshin har a kashe. Yawancin zaurukanmu kuwa silin roba ne, an yi masa rumfa da yadi mai santsi da furannin leda. Sannan idan garin ya sha danshin damina ko jabu ne, yakan dunƙule, injin ya tofo gudaji mai zafin da zai huda leshi ko mayafi.

Idan za ka saya, ka nemi wanda ke kashe kansa da zarar ya karkata ko ya wuce kima wajen zafi, wanda kuma ake iya rage masa tsawon feshi. Ka tambayi yadda ake kwashe ragowar gari bayan an tashi, domin taruwarsa a bututu ce ke jawo matsala. Wasu kamfanonin injinsu ba ya tashi sai da katin da ke zuwa tare da garinsu, ka ga ke nan ka ɗaure kanka ga dillali ɗaya; ka san haka tun kafin ciniki ya faɗa. Kada kuma ka jona guda huɗu a soket ɗaya mai siririyar waya, kowannensu yana jan wuta sosai lokacin da yake ɗumama. A ganina, idan tsakanin ƙarshen feshi da silin bai kai mita biyu ba, ko akwai yadi a sama, ka haƙura da shi.

Injin hayaƙi ba shi da wannan fargaba. Na gama-gari ruwan gilisarin ko makamancinsa yake dafawa ya feso. Aibinsa shi ne yana tayar da ƙararrawar gobara, yana barin santsi a kan tayil, kuma idan ya yi yawa ba a ganin ƙofa. Wanda ya taɓa cire ƙararrawa don kada ta dami baƙi, to ya san bai kyauta ba. Mai kwanciya a ƙasa iri biyu ne: mai busasshiyar ƙanƙara da mai ruwa. Busasshiyar ƙanƙara sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona fata, kuma iskar da take fitarwa a ƙasa take taruwa, daidai hancin yaran da ke zaune. Samunta ma wahala ne. Mai ruwan ya fi tsada a ranar saye, amma shi zan zaɓa wa zauren da ke da gajeren silin, a haɗa masa fitilu masu launi.

Sai injin da ke aman harshen wuta na gaske, da iskar gas ko da mai. A Afrilun 2023, a Disneyland da ke Kalifoniya a Amurka, wani mutum-mutumin dodo mai tsawon ƙafa 45 da ke feso wuta ya kama ci bal-bal ana tsakiyar wasa, har kamfanin ya dakatar da irin wannan wasan wuta a wurarensa na ɗan lokaci. Waɗannan fa masu injiniyoyi ne da 'yan kwana-kwana a kusa. Mu nan ga iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana kaɗa harshen wuta inda ta ga dama, ciyawa da zana da tamfol duk sun bushe ƙayau. Gas kuma ya fi iska nauyi, idan tiyo ya yi yoyo ƙarƙashin dandamali yake maƙalewa. Shawarata kada ka mallake shi. Idan ya zama dole, ka ɗauko haya tare da mai aikinsa, a fili, kuma a sanar da hukumar kashe gobara ta jiha tun da wuri. Ƙa'idar NFPA 1126, ta ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, ta ce a bar aƙalla mita 4.6 tsakanin kayan wasan wuta da 'yan kallo, kuma a ajiye tukwanen kashe gobara huɗu a kusa, biyu na ruwa, biyu na wutar mai da lantarki. Ba dokarmu ba ce, amma ma'auni ne da za a iya ara.

Tukwanen nan su ya kamata a fara saye, tun kafin injin. Dukkansu ja ne, launin tambarin ne ke bambanta su. Mai shuɗi hoda ce, ita ce mai aiki da yawa: yadi, katako, fetur, gas, lantarki. Ta kilo 9 ta fi dacewa da gefen dandamali da ɗakin janareta. Sai dai a cikin zaure tana turnuƙe wuri, kuma duk lasifika ko na'urar dije da ta shiga sai gyaran Allah. Mai baƙi iskar CO2 ce, ba ta barin datti, ita ce ta kayan sauti da akwatin wuta, amma a fili iska ke kwashe ta, kuma labule yakan sake kamawa bayan an fesa. Ƙarfin feshinta ma yana iya zama bala'i. A wani wurin wasan ruwa a Taiwan, a Yunin 2015, an watsa wa taro garin masara mai launi, ya kama da wuta, feshin irin wannan tukunya ya ƙara tayar da garin, mutum 15 suka rasu, kusan 500 suka ƙone. Wanda ke tunanin sayen injin watsa hoda mai launi ya riƙe wannan. Mai launin madara kumfa ce, ita da ta ruwa su ne maganin yadi da kafet, amma ba a kai su ga wayar da ke da wuta. Garin titaniyam kuwa idan ya kama, ruwa da CO2 ba sa kashe shi, busasshen yashi ake juye masa. Bokitin yashi ba ya cin kuɗi. Ka ƙara da bargon kashe wuta, don wanda tufafinsa suka kama.

Araha ba ta ado a nan. Ƙananan gwangwanayen da ake tallarsu a bakin titi don mota ba za su yi komai a zaure ba. Ka duba allurar agogon tukunya tana kan kore, fil da hatiminsa suna nan, akwai takardar ranar da aka cika ta. Ta CO2 ba ta da agogo, awo ake yi mata a sikeli. Hoda tana daskarewa idan ta daɗe a ajiye, don haka ka tambayi dillali ko shi ke zuwa dubawa duk shekara, ko sayarwa kawai ya iya. Ka kuma sani cewa ko ta kilo 9 ba ta kai rabin minti tana feshi, wutar da ta fara ce kawai take iya tarewa.

Ragowar aikin na mutane ne. A ware mutum ɗaya da ba ya raba abinci, ba ya ɗaukar hoto, idonsa na kan injin, hannunsa kusa da makunni. Idan gas ne ya kama, rufe tukunyar gas ɗin ake fara yi kafin a fesa ta kashe gobara. Mai gabatarwa ya san abin da zai faɗa a lasifika don kada a yi turmutsitsi, kuma ƙofar bayan nan da ake garƙame wa kwaɗo saboda 'yan kutse a buɗe ta, a sa mai gadi. A kira 112 da lambar 'yan kwana-kwana tun wutar tana ƙarama, a hana motoci toshe musu hanyar shiga. Wanda ya ƙone a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, makilin ko manja, a cire masa zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, sannan a wuce da shi Asibitin Koyarwa na ATBU ko asibiti mafi kusa.