Yaya, ga bayanin ɓawon kwakwar da ka tambaya

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Inna da mutanen gida, da fatan an yi dashe lafiya a Jiratawa. Na ga hoton ganyen tumatirin da ka turo ta WhatsApp, na kuma ji saƙonka cewa in aiko maka da "ƙasar Turawa" da ka gani a bidiyon wurin aikina. To, ba ƙasa ba ce, kuma ba ta Turawa ba ce. Ɓawon kwakwa ne da ake niƙawa a Indiya da Siri Lanka, a matse shi kamar bulo, a loda a jirgin ruwa. Bulo mai kilo 5, in ka jiƙa shi, sai ya kumbura ya haura lita 60. Ranar da na fara gani na tsaya baki buɗe kamar baƙauye.

Nan Almeriya, kudancin Sifen, gonakin duk cikin rumfunan leda suke, fili sama da hekta 30,000. Ƙasar busasshiya ce, ruwan saman da muke samu a Maradi ya fi nasu nesa ba kusa ba. A rumfarmu an jera dogayen buhunan ɓawon a layi, kowace shuka da siririn bututunta mai ɗigo.

Abin da bidiyo bai nuna maka ba shi ne ɓawon nan fanko ne, ba shi da abincin da zai riƙe shuka. Duk ruwan da za a ba ta da taki a ciki, kuma inji ne ke aunawa. Ana so tsamin ruwan, wanda suke kira pH, ya tsaya wajen 6. A ranar zafi ana ban ruwa kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma dole kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya tsiyaye ta ƙasan buhu don ya wanke gishirin taki. Mu da muka saba a cika fangali a tafi sai jibi, wannan ya ba ni wuya. Akwai lokacin da bututu ya toshe a wani layi, na taɓa saman buhun na ji da danshi, na ce ai ba komai. Kwana biyu gefen ganyen ya ƙone kamar an gifta masa wuta. Maigidana bai yi faɗa ba, tsaga buhun kawai ya yi ya nuna mini farin gishiri kwance a ciki kamar kanwa. Kunya ta ishe ni.

Sabon ɓawo ma yana da halinsa: yana riƙe kalsiyam da maganiziyam, sinadaran da shuka ke buƙata, ya saki gishirin da ya zo da shi. Shi ya sa ake wanke shi, a jiƙa da takin kalsiyam kafin dashe. Wanda ya tsallake wannan zai ga gindin tumatirinsa yana baƙi yana ruɓewa.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba ɓawon ba ne. Wata malamar gona ce da ke zuwa duk mako da ɗan gilashinta na ƙara girma. Rannan na nuna mata ganye rawaya na ce a ƙara yuriya, yadda muke yi a gida. Ta yi dariya, ta ce in fara duba ko ganyen ƙasa ne ko na sama. In tsohon ganye ne ya yi rawaya gaba ɗaya, to yunwar taki irin yuriya ce. In ya yi rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore, maganiziyam ne. In kuma sabon toho ne ya koɗe da jijiya kore, sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa sha, sau da yawa don tsamin ruwan ya kauce. Ka ga uku duk rawaya, magani daban-daban. Mu kuwa sai a tafi kasuwa a kwatanta da baki, mai tebur ya zuba wani abu a tsohuwar gorar ruwa ba rubutu, ya ce "wannan ba ya ƙarya". Nan abin da aka rubuta a buhu shi ne a ciki.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Tumatirinsu ga kyau ga girma ɗaya, amma miya ba ta jin sa. Kuma kullum kunnen manomi na kan inji: wuta ta ɗauke da rana tsaka, hankali ya tashi. Ka auna wannan da zafin watan Afrilu a Maradi, sama da digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Ƙasar gulbi da takin jar akuya suna yafe wa mutum kuskure, ɓawo ba ya yafewa. Ga kuɗi kuma, Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kafin kaya su iso ka sayar da rago.

Sai hoton naka. Ganyen sama ne na ga ya ƙanƙance ya naɗe kamar cokali, gefensa rawaya. Wannan bai yi mini kama da yunwa ba, ya fi kama da cutar da farin ƙuda ke yaɗawa, kuma taki ba ya warkar da ita. Gobe da sassafe ka girgiza shukar, ka juya bayan ganyen. In ƙananan fararen ƙwari sun tashi, tuge shukokin da suka kamu ka binne su nesa, ka kai guda ɗaya wurin ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma, a Tarna su duba. Bulo ɗaya zan ba mai zuwa gida ya kawo maka, na renon iri kawai, don a nan ne saiwa ke fita fara tas. Ka wanke shi sosai kafin ka zuba iri.