Albam ko littafi mai aljifai: wanne ya dace da ajiyar kan sarki a ƙasar zafi?

Da zarar kan sarkin da mutum ke tarawa ya fi ƙarfin ambulan da gwangwanin alewa, sai maganar wurin ajiya ta taso: albam za a saya, ko littafi mai aljifai, wanda dillalai ke kira sitokbuk? Masu tarawa a Turai sukan auna abin da kyawun jeri da tsarin shafi. A Kano ko Damagaram ko Kumasi da sauran lissafi, domin abin da ya fi hallaka kan sarki a wajenmu shi ne gam ɗin da ke bayansa. Da shi ya kamata a fara auna kowane littafi.

Yawancin tsofaffin kan sarki da ƙaro aka shafe bayansu. Ingila ma sai wajen 1968 ta bar ƙaro ta koma gam ɗin roba. Ƙaro kuwa mashayin laima ne. Idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari, kamar yadda yake yi a marka, sai ya yi taushi, in kuma akwai nauyi a kansa ya kama duk abin da ya jingina da shi. Hunturu na shigowa ya bushe ƙayau, ya tsattsage, kan sarkin ya nannaɗe. Abin da ake so shi ne danshi tsakanin kashi 40 zuwa 55, da ɗaki mai sanyi-sanyi, kuma ɗakunanmu ba safai suke ba da haka ba.

Littafi mai aljifai shi ne zaɓina, kuma ba kowane iri ba. Shafukansa kwali ne mai kauri, an shimfiɗa masa ɗamara tara ko goma daga gefe zuwa gefe, buɗe ta sama. Da hantsaki kake zura kan sarki, da shi kake zarowa. Babu jiƙawa, babu mannawa, bayan kan sarkin yana nan yadda gidan waya ya sayar da shi. Babba mai girman takardar A4, ɗamararsa ta kai kusan santimita 20, tana ɗaukar ƙananan kan sarki shida ko bakwai in an bar tazara a tsakani. Shafi mai ɗamara tara ke nan zai ci wajen 55 zuwa 60, littafi mai shafi 32 kuma ya kusan 1,800. A takarda ke nan. A aikace kashi biyu cikin uku za ka cika, ka bar gurbi ga waɗanda ba su zo hannu ba tukuna, in ba haka ba duk sabon da ka samu sai ka tashi layi biyar don ka ba shi wuri, kuma a wajen wannan ɗage-ɗagen ne haƙoran gefen kan sarki ke karyewa.

Ana yin su da shafi 8, 16, 32 da 64. A lura, shafi ake ƙirgawa ba ganye ba: mai 64 ganye 32 ne, gaba da baya. Mai 64 shi ne ya fi jan ido don yana kama da araha, amma na fi son mai 32. Mai 64 idan ya cika yakan kumbura ta baki, ƙashin bayansa ya matse layukan da ke kusa da ɗauri, kuma nauyin kansa kaɗai ya isa ya manne sababbin kan sarki a damina. Gara littafi biyu masu 32 da ɗaya mai 64.

Sai maganar ɗamara. Iri biyu ne: farin shafi mai ɗamarar gilasin, wato siririyar takardar nan mai santsi da ake hango abu ta cikinta dishi-dishi, da baƙin shafi mai ɗamarar roba garai-garai. Baƙin ya fi kyau nesa ba kusa ba, haƙora suna fitowa fes, hoto ma ya fi kyau a kansa. Duk da haka farin nake ba wa mai farawa shawara. Gilasin takarda ne, yana barin iska ta ratsa, ba ya fitar da mai, ba ya kama gam da sauri kamar roba. Aibinsa biyu: yana rufe ƙasan kan sarkin kaɗan, kuma bayan shekaru yakan yi rawaya ya tattare. Wannan aibi ne da ido ke gani tun da wuri, sai ka sauya littafi. Ɓarnar mugunyar roba kuwa ba ta nuna kanta sai ta gama. Baƙin kwali na arha ma yana da nasa halin, in ya sha laima yakan zubar da rininsa a bayan kan sarki.

Kafin ka biya, buɗe littafin a kan tebur. Na kirki yana kwanciya shimfiɗe da kansa, domin kowane ganye an ɗaure shi da ƙyalle ko ninkin gilasin a gindinsa. Wanda sai ka danne shi da hannu, shafinsa zai lanƙwashe, kan sarki su zube ko su karye a tsakiya. Duba tsakanin shafi da shafi, ganyen rabawa biyu ya kamata a samu, ɗaya na kowace fuska; in ɗaya ne ko babu, haƙoran wannan shafi za su riƙa sarƙewa da na wancan. Sa'an nan zura 'yar takarda a ɗamarar sama, ta tsakiya da ta ƙasa. Ta shiga ba gardama, ta kuma tsaya in ka karkata littafin. Mai tsauri yana karce fuskar kan sarki, musamman na takarda mai alli irin waɗanda kamfanin ɗab'i na De La Rue ya buga wa ƙasashen mulkin mallakar Ingila daga wajen 1905, waɗanda launinsu ke gogewa da ɗan shafa kaɗan. Mai sako-sako kuma duk buɗewa sai ka tarar da su sun gangaro gindin littafi.

Albam fa? Albam na wanda ya riga ya san abin da yake tarawa ne. Akwai bugagge, mai hoto da gurbin kowane kan sarki bisa jerin kundin Stanley Gibbons ko Scott ko Yvert et Tellier ko Michel. Akwai kuma mai fararen shafuka da ɗigon layuka dishi-dishi, kai ne mai tsarawa da rubuta bayani. Wanda ya tsaya a kan fanni ƙarami rufaffe, misali kan sarkin Arewacin Najeriya daga na Sarauniya Victoria na 1900 zuwa na Sarki George na Biyar na 1912, kafin haɗewar 1914, ko jerin Nijar na 1926 mai hoton rijiya da kwalekwale da ganuwar sojan Zinder, albam mai fararen shafuka zai yi masa daɗi. Ya nemi takarda marar asid mai nauyin giram 120 a murabba'in mita zuwa sama, ya jera a fuska ɗaya kawai. Bugaggen albam kuwa manyan kamfanoni irin su Lighthouse, Lindner, SAFE da Davo sun fi yi wa ƙasashen Turai, samun na Najeriya ko Nijar aiki ne, kuma duk shekara sai ka sayi ƙarin shafuka da kuɗin waje.

Matsalar albam ita ce dole a maƙala kan sarki a shafi. Hanya ta farko hinji ne, 'yar takardar gilasin mai gam da aka ninka: gajeren ɓangaren, kamar sulusi, a bayan kan sarki can sama ƙasa da haƙora, dogon a jikin shafi. Laima kaɗan ake sa masa, ba a jiƙa shi sharkaf, kuma ba a ɓamɓare shi sai ya bushe sarai, in ba haka ba ya taho da naman takardar ya bar wuri shara-shara. Ga wanda aka riga aka buga wa hatimi hinji ba laifi. Ga sabo fil kuwa asara ce, tabonsa ba ya fita daga gam, kuma duk dillali da ya juya bayan ya gani zai karya farashi ƙwarai. Hanya ta biyu maunt ne, 'yar rigar roba mai baƙin baya da ake yanka daidai girman kan sarki da milimita. Tana kare gam, amma kuɗinta yakan fi na kan sarkin da ke cikinta, kuma irin mai tsaga a baya in ruwa ya yi yawa yakan bi ta tsagar ya isa gam ɗin da aka saye ta don karewa. Gefen sama kawai ake ɗan shafa wa laima. Albam mai riguna a manne tun daga kamfani yana da kyau, na masu hali ne.

Akwai tsaka-tsaki, ganyayyakin kwali masu ɗamara irin na Hagner da ake sa wa a fayil mai zobe, daga mai ɗamara ɗaya zuwa takwas. Suna da amfani ga ambulan da manyan falle, amma gefensu a buɗe yake, ƙurar hunturu kuma ba ta neman izini, sai da kube.

Albam ɗin hotunan biki mai shafi mai danƙo, da salatif, da gam ɗin ofis, waɗannan ba ma a sa su cikin lissafi.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen robar. Littattafan da ba su da sunan kamfani, ko masu ɗauke da sunan da aka kwaikwaya, galibi da PVC mai taushi ake yi musu ɗamara. Sinadarin da ke sa ta taushi mai ne, zafi yana fito da shi, sai ya jiƙa kan sarkin ya mai da takardar kamar ta ƙunshin ƙosai, tawadar kuma ta koma jikin robar. Babu gyara. Alamominta: warin sabon takalmin roba da zarar ka buɗe, taushi da naso a yatsa, ɗamara mai mannewa da 'yar uwarta. Idan akwai lambar nau'in roba a kwalin, 3 ita ce PVC. 1, 5 da 6, wato foliyesta, folifurofilin da folistirin, su ne ake so. In babu lamba, akwai gwajin wayar tagulla: a waje, ka gasa bakin wayar a wutar gas har ta daina canza launin harshen wutar, ka taɓa ɗan yankin robar da ka gutsuro, ka mayar cikin wuta. Kore ya tashi, akwai kulorin, PVC ce. Har PVC mai tauri wadda ba ta da wannan mai, masu tarawa a Jamus sun daɗe suna ƙorafi a kanta, domin sulfar da ke cikin wasu tana haɗuwa da darmar da ke tawadar kan sarkin ƙarni na 19, ja da ruwan lemo da rawaya su koma baƙi-baƙi. Rubutun "babu asid" a bango ba hujja ba ne, kowa na iya buga shi.

Tsohon littafi na gwanjo ma a yi hattara da shi, ko da na babban kamfani ne. Shinshina shi. Warin rumbu ko ɗige-ɗige masu launin tsatsa a shafi alamar fumfuna ce, kuma tana tsallakawa zuwa kan sarki masu lafiya.

Sai littattafan da ake sayarwa cike da kan sarki, wai gadon wani tsoho. Littafin ne ke sayar da kayan, don jeri a baƙin shafi yana sa tarkace ya yi kwarjini. Juya bayansu. Mai hatimi tsaf a kusurwa amma gam ɗinsa cikakke, bai taɓa hawa wasiƙa ba, a maɗaba'a aka buga masa hatimin don 'yan kasuwa. Na Ajman, Fujeira, Manama da Umm al-Qiwain na shekarun 1960 zuwa 1972 sun cika duniya, ba su da wata daraja. Waɗanda suka fi waɗannan muni su ne na bogi masu sunan Nijar, Chadi ko Mali da hotunan 'yan ƙwallo da taurarin fim, waɗanda hukumomin gidan wayar ƙasashen ba su taɓa fitarwa ba. Yawansu ne ya sa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta kafa rajistar WNS, wato jerin kan sarki na gaskiya da ƙasashe ke fitarwa, a 2002. Kan sarkin Biyafara na 1968 da aka buga rubutu a kan na Najeriya, an ƙirƙiri rubutun jabu da yawa. Wanda kuma ya nuna maka kan sarkin fam 25 na Arewacin Najeriya na 1904 a cikin littafin gwanjo ba tare da takardar shaidar masana ba, ka ɗauka jabu ne kai tsaye. Akwai kuma sake shafa gam don a ɓoye tabon hinji: sa madubin ƙara girma a bakin haƙora, na asali za ka ga zaren takarda a tsaye, na shafe kuwa haƙoran sun yi tauri suna sheƙi, sau da yawa kuma kan sarkin yakan nannaɗe da sauri in ka ɗora shi a tafin hannu.

Ko wanne ka saya, a tsaye ake ajiye shi kamar littafin karatu, ba a kwance ba, ba kuma a jibge wani kan wani ba, kada kuma a matse su a kanta. Nesa da bangon waje da ƙasa saboda laima da gara, nesa da silin ɗin kwano saboda zafi. Adakar ƙarfe tana hana kyankyasai, masu son gam, shiga, amma tana riƙe danshi, don haka a sa ƙunshin silika a ciki, irin mai canza launi, a riƙa busar da shi in ya sha. Ƙaramin ma'aunin danshi na batir ya isa ya gaya maka halin da ake ciki. Daga Yuli zuwa Satumba, duk mako biyu ka zaɓi rana marar hadari ka buɗe kowane littafi shafi-shafi a inuwa ya sha iska. Idan ka tarar wani kan sarki ya riga ya kama shafi, kada ka ja shi, kada kuma ka tsoma shi a ruwa in na De La Rue ne mai launin kore ko shunayya, domin da gangan aka yi tawadarsu mai zuba don hana wanke hatimi. Yanke kwalin da ke kewaye da shi, ka sa a rufaffen kwano tare da jiƙaƙƙen soso ba tare da sun taɓa juna ba, ka riƙa dubawa duk minti goma sha biyar har ya saki da kansa, sa'an nan ka ɗaga shi da hantsaki mai faɗin baki.