Da ɗan gari akan ci gari: yadda matasan Wales ke neman hanyar aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Masu shirin zuwa karatu ko aiki a wannan yanki tambayarsu ɗaya ce: wai can ma sai kana da hanya? E, sai da hanya. Amma ba irin wadda muka saba ba, kuma wanda ya kawo tasa ta gida yadda take zai sha wuya.

Wales ƙaramar ƙasa ce yamma da Ingila, cikin Birtaniya. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta miliyan 3.1 ne, ko rabin jihar Kano ba su kai ba. Manyan wuraren aiki ƙidayayyu ne: hukumar lafiya ta NHS, kamfanin inshora na Admiral a Cardiff, ofishin lasisin tuƙi na DVLA a Swansea, hukumar ƙididdiga a Newport, masana'antar fukafukan jirgin sama ta Airbus a Broughton. Saboda haka a kowace sana'a kusan kowa ya san kowa. Akantan da ya yi rashin kirki a Swansea, kafin ya yi tafiyar awa guda a jirgin ƙasa zuwa Cardiff labarinsa ya riga shi. Su kansu 'yan ƙasar in sun haɗu, tambayar farko ita ce daga wane gari kake, wace makaranta ka yi, har sai an tono wani da duk suka sani. Ba ta da maraba da namu "ɗan gidan wa ne kai?"

Inda muka rabu shi ne abin da sanayyar ke iya sayo maka. A gida, takarda daga hannun babban mutum takan gama magana. A nan aikin gwamnati sai an tallata shi, an jera sharuɗɗa, kwamiti ya zauna kowa da takardar ba da maki, kuma a ma'aikatun gwamnatin Birtaniya har sunanka ake cirewa kafin a tace takardu. Fom ɗin ƙananan hukumomi kan tambaye ka ko kana da dangantaka da kansila ko babban jami'i, kuma kamun ƙafa kaɗai ya isa a cire ka daga takara. Batun goro kuwa a bar shi, dokar cin hanci ta 2010 ba ta san wasa ba.

To me sanayyar ke yi? Tana kawo labari da wuri. Wanda ke ciki zai gaya maka wata mai zuwa za a buɗe gurbi, kuma duk da tallar ta jero abu goma, biyu ne ke ci wa shugabar sashen tuwo a ƙwarya. Yawancin tallace-tallacen NHS da jami'o'i ma suna ɗauke da sunan wanda za ka iya kira ku tattauna kafin ka cike fom. 'Yan gari suna kira. Baƙi kan ji tsoro, suna zaton kamun ƙafa ne, alhali an rubuta lambar ne don a kira. Sannan kusan kowane aiki zai nemi mutum biyu da za su shaide ka, ɗaya daga ciki tsohon shugabanka ko malaminka, ba kawunka ko limamin unguwa ba. A kamfanoni masu zaman kansu abin ya fi sassauci, wasunsu har tukwici suke ba ma'aikacin da ya kawo wanda aka ɗauka.

Abin da zai ba mutumin gida mamaki shi ne yawan hidimar da ake yi kyauta. A Kano ko Zariya matashi kan biya mai shagon kwamfuta ya buga masa takardar tarihin karatu da aiki, wadda sau da yawa ta wani ce aka sauya suna. A nan akwai Careers Wales, ta gwamnati, inda mai ba da shawara zai zauna da kai ya duba takardar layi-layi, har ya yi maka gwajin ganawa, ko sisi ba ka biya ba. Kowace jami'a ma tana da irin wannan ofishi. Mai son kafa sana'arsa yana da Business Wales, kuma matasa 'yan 25 zuwa ƙasa suna da Big Ideas Wales. Sai ƙungiyoyin sana'a, irin ICE ta injiniyoyin gine-gine, wadda ɗalibi ke shiga kyauta, da ACCA ta akantoci, da BCS ta masu kwamfuta. Laccocinsu na yamma nan ne ƙaramin ma'aikaci ke zama kujera ɗaya da manya. Kuma injiniya ba ya samun cikakkiyar shaidar ƙwarewa sai mambobin da suka san aikinsa sun tsaya masa, don haka wanda ya shekara huɗu bai leƙa taro ba, ran da ya buƙace su zai rasa wanda zai tunkara.

Ga yadda taron karin kumallo na 'yan kasuwa kan kasance. An ce bakwai da rabi, to bakwai da rabi ne. A bakin ƙofa akwai tebur da 'yar takarda mai sunanka ka manna a ƙirji, ga shayi da kofi, mutane tsaitsaye uku-uku, huɗu-huɗu. A wasu tarukan kowa zai tashi ya faɗi ko shi wane ne cikin minti ɗaya. Nan namu kan yi tuntuɓe: a fara da godiya ga masu shirya taro, a bi da jerin digirori, lokaci ya ƙare ba a faɗi abin da aka iya ba. Jimla uku sun isa: sunanka, aikin da hannunka ya iya, da abin da kake son koyo. Katin suna mai ruwan zinariya da muke kashe kuɗi a kai a gida, matasa a nan sun kusa daina shi. Waya ake ɗagawa, wannan ya ɗauki lambar wancan ta LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata.

Aikin gaske washegari yake. Cikin kwana ɗaya ko biyu ka aika gajeren saƙo, ka tuna masa abin da kuka tattauna, ka roƙi minti ashirin na shan shayi, abin da masu harshen Welsh ke kira paned. Kofi a Cardiff fam uku zuwa huɗu ne, kuma kai da ka gayyata kai za ka miƙa hannu aljihu. A zaman kada ka roƙi aiki. Tambaye shi yadda ya shiga sana'ar, me sababbi ke yawan kuskurewa, sannan wa kuma ya kamata ka gani. Wannan ta ƙarshen ita ke haifar da zama na biyu. Abin da ke ɓata lamari sananne ne: liƙa takardar neman aiki a saƙon farko, kiran waya bayan isha'i, saƙo biyar a jere don bai amsa ba. Haka yawan ranka ya daɗe da sunkuyar da kai. Shugaban kamfani da sunansa na yanka ake kiransa, kuma ladabinmu na kawar da ido su sukan ɗauke shi rashin tabbas ne. A kuma lura, mutanen nan shimfiɗar fuska gare su. In wani ya ce lallai sai mun sake haɗuwa, gaisuwa ce, ba alkawari ba, sai in ya buɗe waya ya sa rana.

Da yawa daga haɗuwar bayan aiki a mashaya ake yi, wannan kuwa yana damun Musulmi. Wanda ya ga zai iya, ya karɓi lemo, ba mai kallonsa. Wanda bai iya ba, tarukan safe da na rana sun wadatar, kuma fom ɗin rajista kan tambayi irin abincin da kake ci. Mai gudun musabaha ya dafa ƙirji da murmushi tun kafin a miƙo hannu.

Sai harshe, wanda shi ne babbar sanayyar da baƙo bai cika gani ba. Mutum 538,300 suka ce suna jin Welsh a ƙidayar 2021, kuma a gundumar Gwynedd da ke arewa maso yammacin Wales sun haura kashi 60 cikin ɗari. Tallar aiki kan rubuta hanfodol, wato dole ne, ko dymunol, wato ana so. Gwamnati na da burin masu harshen su kai miliyan ɗaya a 2050, don haka tun 2022 darussan koyon harshen na Dysgu Cymraeg kyauta ne ga 'yan 18 zuwa 25. Wanda ka gani da ɗan baji ruwan lemo mai siffar waƙafi, yana sanar da kai yana jin harshen. Bikin Eisteddfod na makon farko na Agusta a ido waƙa ce da adabi, amma a filin akwai rumfunan jami'o'i, gidajen talabijin da hukumomi, kuma shugabanninsu na yawo da takalmin roba cikin taɓo. Na manoma shi ne Royal Welsh a Llanelwedd cikin Yuli. Ko shwmae da diolch, sannu da na gode, suna sassauta fuska.

Matasan Wales da yawa kan tsallaka Landan, Bristol ko Manchester, kuma can sukan nemi juna kamar yadda Bahaushe ke neman zango a Kumasi. Akwai London Welsh Centre a titin Gray's Inn, da Wales Week London da ake yi daf da 1 ga Maris, ranar waliyyinsu David, da Darogan mai haɗa masu digiri da ayyukan da ke Wales. Hanyar sufuri ce ta jawo haka: Cardiff zuwa Landan kimanin awa biyu ne a jirgin ƙasa, amma zuwa Bangor a arewa ya fi awa huɗu, kuma sai ka ratsa ta Ingila. Shi ya sa ɗan arewacin Wales ya fi hulɗa da biranen Chester da Liverpool na Ingila. Katin rangwame na 'yan 16 zuwa 25, da na 26 zuwa 30, yana rage sulusin kuɗin tikiti.

Ga baƙo akwai iyakar da sanayya ba ta ƙetarewa. Kamfanin da ba shi da lasisin ɗaukar ma'aikaci daga waje ba zai iya tsaya maka a biza ba, ko mai shi amininka ne. Sunayen masu lasisin suna shafin gwamnati na gov.uk, a duba kafin a ɓata wata uku ana shan shayi. Duk wanda ya ce a WhatsApp yana da mutum a ciki, a turo miliyoyi ya samo takardar ɗaukar nauyi, damfara ce, takardar ba ta sayarwa ba ce. Ɗalibin digiri kuma awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, sai ya zaɓi wurin da shugaban zai san shi sosai har ya iya rubuta masa shaida.