Kasko mai shinge da Accusump, ko busasshen kasko: wanne ya dace da injin LS3 na tsere?

Wani ɗan'uwa ya ce yana haɗa injin LS3 na Chevrolet, mai lita 6.2, domin tseren da'ira mai yawan kwana, kuma yana son sanin ko ya sayi kaskon mai (mazubin baƙin mai da ke ƙasan inji) mai shinge ya haɗa da Accusump, wato na'urar ajiyar mai, ko ya daure ya sanya tsarin busasshen kasko mai tanki a waje.

Malam, abin da ke kashe inji a irin wannan tsere shi ne yankewar baƙin mai a tsakiyar kwana. Idan mota ta daɗe tana karkata da gudu, man yakan taru a gefe ɗaya na kasko, wani kuma ya maƙale a saman inji bai sauko ba, sai bakin bututun famfo ya zuƙi iska, kuma 'yan daƙiƙu kaɗan a haka sun isa inji ya buga. Masu injinan LS sun fi kokawa da wannan a doguwar kwanar hagu.

Kasko mai shinge yana da 'yan ƙofofi da ke barin mai ya shiga wajen bututun, su hana shi fita. Accusump na kamfanin Canton kuwa silinda ce mai fistin a ciki, iska a gefe ɗaya, mai a ɗaya gefen. Da zarar ƙarfin mai ya faɗi, sai iskar ta tura man cikin inji. Babbarta tana ɗaukar kusan lita 2.8. Wannan haɗin ya fi araha nesa ba kusa ba, bai da wahalar ɗaurawa, kuma yana ba ka damar shayar da inji mai kafin ka tayar da shi. Rauninsa shi ne ajiyar takan ƙare a cikin daƙiƙu, sannan bayan kwanar famfo zai raba ƙarfinsa tsakanin ciyar da inji da sake cika silindar, ga man da ta zubar ya ƙara cika kasko har karanshaf, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, yana kaɗa shi yana kumfa.

Busasshen kasko ya bi ta wata hanya dabam. Famfuna suna kwashe mai daga ƙasan inji zuwa wani dogon tanki, inda iska ke rabuwa da shi, daga gindin tankin kuma wani famfo ke tura shi, don haka karkatar mota ba ta cika shafar sa ba. General Motors da kansa ya sanya wannan tsari a injin LS7 na motar Corvette Z06 a 2006, ya ƙara girman tankin a 2009, sannan Corvette ta 2020 ta zo da shi a kowane samfuri. Amma kuɗinsa yakan kai dubban daloli, yana bukatar wurin tanki da tiyo masu yawa, kuma idan famfon na waje ne, tsinkewar bel ɗinsa na nufin yankewar mai nan take. Wasu rukunan gasa ma sun haramta shi, saboda haka ka karanta dokar rukuninka tukuna.

A ganina taya ce za ta yanke hukunci. Idan tayar titi za ka yi amfani da ita, kuma filin ba shi da kwana mai tsawo, haɗin farko ya wadatar. Idan kuwa tayar tsere ce marar zane, ga fiffike mai danne mota, to busasshen kasko ya fi sayen sabon inji sauƙi. Kowanne ka zaɓa, ka haɗa da na'urar sanyaya mai, ka kuma sanya na'ura mai adana bayanan ƙarfin mai, domin babu direban da ke kallon geji a tsakiyar kwana. Tsohon ma'aunin makanikai shi ne ƙarfin mai ya kai kimanin psi 10 (psi ma'aunin matsin mai ne) ga kowane juyin inji 1,000 a minti. Idan bayanan suka nuna ana sauka ƙasa da haka a kwana, ka dakatar da sayen kayan ƙara ƙarfi har sai ka gyara wannan.